Annobar Kartaj da Dokar Ƙauna a Wurin Kiristocin Farko

A tsakiyar ƙarni na uku na Miladiyya wata annoba ta auka wa Daular Rum. Ta ɓulla wajen shekara ta 249, ta yi fiye da shekara goma tana yawo daga gari zuwa gari, tun daga Masar har birnin Rum kansa. Masana tarihi suna kiranta Annobar Sifiriyan, domin Sifiriyan, bishop na birnin Kartaj, shi ne ya bar wa duniya bayani mafi cika game da alamominta. Kufan Kartaj yana nan har yau a gefen birnin Tunis, a ƙasar Tunisiya. Na zaɓi wannan zamani ne domin in bincika wata koyarwa da kowane Kirista ya haddace tun yana yaro, wato cewa mutum ya ba Allah zuciyarsa ɗungurungum, ya kuma ƙaunaci sauran mutane ba tare da son kai ba. Furta wannan koyarwa ba shi da wuya. Hausawa kuwa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma a Kartaj ta wancan lokaci miya ta ƙare ƙarƙaf. Abin da nake so in gani shi ne yadda mutanen da suka ce sun yarda da dokar suka yi sa'ad da riƙe ta ya zama kasadar rai.

Asalin dokar

Dokar ta girmi Kiristanci. Rabinta na farko, na ƙaunar Allah, yana cikin Littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 6. Rabinta na biyu, na ƙaunar maƙwabci, yana cikin Littafin Firistoci, sura ta 19. Dukansu biyu suna cikin Attaura, kuma Yahudawa sun daɗe da saninsu. A cikin Bisharar Matiyu sura ta 22 da ta Markus sura ta 12, an tambayi Yesu Almasihu wace doka ce ta fi kowace girma, sai ya ɗauko waɗannan biyun ya ɗaure su wuri guda. A Bisharar Luka sura ta 10 mai tambayar ya nemi a fayyace masa wane ne maƙwabcin, sai aka ba shi labarin Basamariyen da ya tsinci Bayahude kwance a kan hanya, 'yan fashi sun yi masa rauni, ya ɗauke shi ya yi jinyarsa da kuɗin aljihunsa. Tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai tsohuwar gaba, saboda haka labarin ya fitar da maƙwabtaka daga iyakar jini da ƙabila. Matiyu sura ta 25 ta ƙara wani abu mai nauyi: an nuna cewa duk abin da aka yi wa mayunwaci, ko majinyaci, ko ɗan kurkuku, Almasihu ya ɗauke shi tamkar shi aka yi wa. Da wannan fahimta, kula da mara lafiya ya shiga cikin ibada kanta.

Ba daidai ba ne a ce Rumawa ba su san kyauta ba. Attajiransu sun gina wa garuruwansu wuraren wanka da dandalin wasanni, ana kuma sassaƙa sunayensu a jikin dutse. Gwamnati tana raba hatsi kyauta ga mutum wajen 200,000 a birnin Rum tun zamanin Sarki Agustas. Sai dai abin da ke ba mutum wannan rabo shi ne zamansa ɗan ƙasa mazaunin birnin, talauci kaɗai ba ya ba shi. Sojoji suna da ɗakunan jinya a barikoki, wasu manyan gonaki kuma suna da irinsu domin bayi, saboda soja da bawa duk dukiya ce da ba a son a yi asararta. Baƙo matalauci da ciwo ya kayar a titi ba shi da wanda ya wajaba ya kula da shi.

A wannan giɓi ne ƙananan ikilisiyoyi suka fara aiki. Tartuliyan, wani marubuci ɗan Kartaj, ya bayyana wajen shekara ta 197 cewa suna da asusu da kowa ke jefa abin da ya sawwaƙa sau ɗaya a wata, ba tilas. Daga ciki ake binne matalauta, a ciyar da marayu da tsofaffi, a taimaki waɗanda jirginsu ya nutse da waɗanda aka ɗaure saboda bangaskiyarsu. A shekara ta 251 Karniliyus, bishop na Rum, ya rubuta cewa ikilisiyarsa tana ɗaukar nauyin gwauraye mata da mabukata fiye da 1,500. Ke nan kafin annoba ta iso, akwai tsari a ƙasa, akwai dikononi da suka san ƙofar kowane mabukaci.

Jarrabawa biyu a lokaci guda

Kafin cutar ta kai Kartaj, wata jarrabawa ta riga ta. Sarki Desiyus, wanda ya hau mulki a 249, ya ba da umarni kowa a daular ya miƙa hadaya ga allolin Rum a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da arba'in a Masar, ɗauke da sunan mai hadayar da sa hannun shaidu. Ga mai bautar gumaka wannan al'ada ce kawai. Ga Kirista kuwa, raba zuciya biyu ne, abin da rabin farko na dokar ya hana. Fabiyan, bishop na Rum, ya rasa ransa a watan Janairu na 250 saboda ya ƙi.

A Kartaj mutane da yawa sun faɗi wannan jarrabawa. Sifiriyan da kansa ya rubuta cewa wasu ba su ma jira an kama su ba, da ƙafarsu suka ruga dandalin birni suka yi hadayar. Wasu sun ba da cin hanci aka rubuta musu takardar ba tare da sun yi ba. Shi ma Sifiriyan ɓuya ya yi a wajen gari, yana tafiyar da ikilisiya ta hanyar wasiƙu, abin da ya jawo masa suka daga abokan hamayyarsa. A 251, shekarar da Desiyus ya mutu a fagen yaƙi da Gotawa, bishop ya dawo ya tarar da jama'arsa a rabe, ana ta jayayya a kan ko za a sake karɓar waɗanda suka ja da baya. Ina ganin wannan batu yana da muhimmanci, domin sau da yawa ana ba da labarin kamar taron waliyyai ne suka tari annobar. Waɗanda ta tarar a Kartaj mutane ne masu jin tsoro kamar kowa, da yawansu ma suna ɗauke da kunyar abin da suka aikata shekara biyu da suka wuce.

Cutar ta shiga birnin wajen 252. A cikin ɗan littafin da ya rubuta a kan mutuwa, Sifiriyan ya lissafa abin da ya gani da idonsa: gudawa mai tsiyaye ƙarfin jiki, amai ba ƙaƙƙautawa, gyambo a maƙogwaro, idanu su yi jajawur da jini, ƙafafu ko wasu gaɓoɓi su ruɓe har a yanke su, wasu kuma su tashi da kurumta ko makanta. Masana na yau sun saɓa a kan sunan cutar. Wasu sun ce agana ce, Kyle Harper kuma, a littafinsa na 2017 a kan faɗuwar Rum, ya karkata ga cewa zazzaɓi ne mai sa zubar jini, dangin Ebola. Fontiyus, dikon ɗin da ya rubuta tarihin rayuwar Sifiriyan, ya ce mutane sun riƙa gudu suna barin 'yan'uwansu, gawawwaki suna zube a tituna ba mai ɗauka. Bayan haka kuma aka ɗora wa Kiristoci laifi, aka ce fushin alloli ne saboda sun ƙi yi musu hadaya. Sifiriyan ya rubuta wa wani mai suna Dimitiriyanus raddi a kan wannan zargi.

A cikin wannan hali ne bishop ya tara jama'arsa. Bisa ga abin da Fontiyus ya ruwaito, ya gaya musu cewa babu abin yabo idan nasu kaɗai suka kula da su, domin kowa ma yana yin haka. Ya tuna musu cewa Allah yana fito da rana ya kuma saukar da ruwa a kan mai biyayya da mai saɓo, don haka wanda ya ce shi ɗan Allah ne sai ya yi koyi da Ubansa, ya yi wa maƙiyinsa alheri. Daga nan aka raba aiki gwargwadon ƙarfin kowa. Masu hali suka kawo kuɗi, waɗanda ba su da shi suka ba da jikinsu, suna ɗebo ruwa, suna wanke majinyata, suna ɗaukar gawa. A cikin waɗanda aka yi wa wannan hidima har da mutanen da ba da daɗewa ba suke neman a jefa Kiristoci ga namun daji.

Sifiriyan bai yi wa kowa alkawarin cewa bangaskiya za ta kare shi daga kamuwa ba. Wasu daga cikin mabiyansa sun yi gunaguni ganin cutar tana kashe su kamar yadda take kashe kowa, ya amsa musu cewa muddin suna cikin jiki, abin da ya sami ɗan Adam zai same su. Ya ɗauki annobar a matsayin ma'auni: za a ga ko mai lafiya zai kula da mara lafiya, ko dangi za su riƙe danginsu, ko ubangida zai ji tausayin bawansa, ko likita zai tsaya ga mai roƙonsa. A nan ne rabi biyu na dokar suka haɗu. Imanin da ya sa wasu suka ƙi hadaya ga gumaka ko da za a kashe su, shi ne ya rage musu tsoron mutuwa har suka iya zama kusa da mai aman jini. Wanda ya yarda cewa ransa na Allah ne gaba ɗaya ba ya riƙe shi da ƙarfi irin na wanda ba shi da wani abu sai shi.

Irin wannan ya faru a Iskandariya ta Masar. Bishop Diyonisiyus ya rubuta wasiƙa wadda Yusabiyus ya adana a littafi na bakwai na tarihinsa na ikilisiya. Ya ce da yawa cikin dattawan ikilisiya da dikononi da sauran jama'a sun yi jinyar marasa lafiya har suka ɗauki cutar suka mutu, waɗanda suka yi wa jinyar kuma suka tashi. Suna rufe wa mamaci ido, su wanke shi, su yi masa sutura, bayan 'yan kwanaki a yi musu haka su ma. Diyonisiyus ya ɗauki irin wannan mutuwa daidai da shahada.

Shi kuwa Sifiriyan annoba ba ta ɗauke shi ba. A cikin shekarun nan ya tara kuɗin Rum sastar 100,000 ya aika domin a fanso Kiristocin Numidiya da mahara suka kama. A 257 Sarki Baleriyan ya sabunta tsanantawa, aka kore shi daga birni, ranar 14 ga Satumba 258 kuma aka fille masa kai a Kartaj saboda ya ƙi yin hadaya. Labarin shari'arsa ya nuna cewa ya sa a ba haunin da zai sare shi tsabar zinariya 25.

Shaidar abokan gaba

Wajibi ne mai nazarin tarihi ya tambayi wanda ya ba da labari. Fontiyus almajirin Sifiriyan ne, yana rubutu domin ya ɗaukaka maigidansa. Diyonisiyus bishop ne mai ƙarfafa wa jama'arsa gwiwa, kuma yadda ya zana masu bautar gumaka duka a matsayin masu jefar da 'yan'uwansu a titi ya yi kama da zuguguwar mai wa'azi. Hankali ba zai ɗauka cewa babu uwa ko ɗaya cikin Rumawa da ta zauna da ɗanta har ƙarshe ba, ko kuwa babu Kirista ko ɗaya da ya tsere. Saboda haka na fi ba da nauyi ga shaidar waɗanda ba su da dalilin yabon Kiristoci.

Na farko shi ne Lukiyan, marubucin barkwanci na ƙarni na biyu. Ya ba da labarin wani mayaudari mai suna Feregirinus da ya shiga cikin Kiristoci aka ɗaure shi, sai ga tsofaffin mata da marayu suna sammako ƙofar kurkuku, ana kawo abinci, har daga wasu garuruwa ana aiko da kuɗi. Lukiyan dariya yake yi musu, yana ganin wautarsu ce ta sa kowane ɗan damfara zai iya yin arziki a cikinsu, amma cikin dariyar ya tabbatar da halin.

Na biyu ya fi ƙarfi. Sarki Yuliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363, an rene shi a Kirista, ya bar addinin ya ƙudiri aniyar farfaɗo da bautar allolin Rum. A wasiƙar da ya aika wa Arsakiyus, babban firist na lardin Galatiya, wadda masanin tarihi Sozomen ya adana, ya koka cewa abin kunya ne a ce ba a ganin Bayahude yana bara, Galilawa kuma, sunan da yake kiran Kiristoci da shi, suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Ya lissafa kyautata wa baƙi da kula da binne matattu cikin abubuwan da suka yaɗa addinin. Ya ba da umarni a buɗe masaukin baƙi a kowane gari, ya kuma ware wa Galatiya mudun Rum 30,000 na hatsi duk shekara. Shirin bai yi nisa ba, domin ya mutu a yaƙin Farisa a 363.

Akwai kuma hujja ta fuskar lafiya. Cutar da ke zuwa da gudawa da amai ta fi kashe mutum ta hanyar ƙarewar ruwan jiki. Wanda ya sami mai ba shi ruwa da ɗan abinci mai ruwa-ruwa, yana tsabtace shi, ya fi wanda aka kulle a ɗaki aka gudu damar tashi, ko da babu magani. Rodney Stark, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya kafa hujja da wannan a littafinsa na 1996, yana cewa jinya ta sa Kiristoci sun fi tsira, waɗanda suka warke a hannunsu kuma suka ƙulla zumunci da su. Wasu masana sun ga ya kai lissafinsa nesa fiye da abin da shaidu za su iya ɗauka, amma ginshiƙin maganar, cewa kofin ruwa yana iya raba mutum da kabari, likitoci ba su musa shi ba.

Daga gida-gida zuwa asibiti

Bayan da aka halatta Kiristanci a 313, hidimar da ake yi a ɓoye ta fito fili. A 368 zuwa 369 fari da yunwa suka auka wa Kafadokiya, a tsakiyar ƙasar Turkiyya ta yau. Basil, wani malamin ikilisiya ɗan gidan masu arziki a birnin Kaisariya, wanda yanzu ake kira Kayseri, ya sayar da gadonsa ya sayi abinci, ya ɗaura ɗamara yana raba wa mayunwata da hannunsa, ya kuma yi wa masu ɓoye hatsi wa'azi mai zafi har suka buɗe rumbuna. Ƙanensa Giregori na Nisa ya ce har 'ya'yan Yahudawa sun ci daga wannan tukunya. Da ya zama bishop a 370, ya gina wata unguwa a bayan gari mai ɗauke da masaukin baƙi, da gidan matalauta, da wurin jinya mai likitoci, da sashen kutare. Abokinsa Giregori na Naziyanzus ya kira wurin sabon birni. Masana da yawa suna lissafa shi cikin asibitocin farko da aka buɗe wa kowa da kowa. A birnin Rum ma wata attajira mai suna Fabiyola, wadda ta rasu a 399, ta kafa gidan jinya, tana ɗauko marasa lafiya daga titi da kanta.

Wannan gado ya iso ƙasar Hausa bayan ƙarnuka masu yawa. A shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a wurare irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, bisa yarjejeniya da hukumomin En'e, a 1950 kuma ta buɗe asibitin Galmi a Nijar. Mutane masu yawa sun sami magani a waɗannan wurare. Duk da haka an yi ta muhawara tun a lokacin a kan ko jinyar kyauta ce tsantsa ko kuwa ƙofa ce ta jawo mutane zuwa addini. Tambayar tana da tushe, kuma dokar da kanta ce ke yanke hukunci a kanta, domin alherin da aka gindaya wa sharaɗi ya riga ya zama ciniki. Basamariyen da ke cikin labarin bai tambayi wanda ya tsinta ko zai koma yin sujada a dutsen Samariyawa ba.

Haɗarin mulki

Tarihin bai tsaya a kan yabo ba. A Iskandariyar da Diyonisiyus ya yi alfahari da ita, masu jinyar marasa lafiya sun zama ƙungiya ta musamman da ake kira farabalani, a ƙarƙashin ikon bishop. A farkon ƙarni na biyar sun yi ƙaurin suna wajen tayar da hankali a birni. A 415 wani gungun Kiristoci ya kashe Hifatiya, malamar falsafa da lissafi, a cikin rikicin da ke tsakanin Bishop Siril da gwamnan birnin. Shekara guda bayan haka gwamnati ta kafa doka ta taƙaita yawan farabalani zuwa 500, ta hana su shiga kotuna da majalisar gari da wuraren wasanni a ƙungiyance. A 418 aka ƙara adadin zuwa 600 aka mayar da su hannun bishop. Aikin da aka kafa domin ɗaukar majinyaci ya kai ga sai da doka ake kare jama'a daga masu yinsa.

Abin da na fahimta daga waɗannan ƙarnuka biyu shi ne cewa tsoro bai iya karya dokar ƙauna ba kamar yadda iko ya iya gurɓata ta. A 252 ikilisiyar Kartaj ba ta da soja, ba ta da kujera a fada, an kuma gama wulaƙanta ta, amma ta yi jinyar masu tsananta mata. A 415 ikilisiyar Iskandariya tana da dukiya da goyon bayan sarki, sai wasu 'ya'yanta suka ɗauka cewa kishin Allah ya ba su izinin zubar da jinin maƙwabciya. Sun riƙe rabin farko na dokar a baki sun saki na biyu, alhali Wasiƙar Yohanna ta Fari ta ƙaryata duk mai da'awar ƙaunar Allah yana ƙin ɗan'uwansa. Mu da muke zaune a garuruwan da masallaci da coci suke kallon juna, muka kuma ga kwalara da sanƙarau da korona, wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Idan wata annoba ta sake zuwa, za a auna kowace al'umma mai da'awar imani da ma'aunin da Sifiriyan ya kafa wa tasa jama'ar, a ga wanda ya tsaya wurin majinyaci, a kuma ga ko ya tambayi addininsa kafin ya miƙa masa ruwa.